Katin Suwaibatu Babayo

Bolari, Gombe
Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Adda Bilkis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban Batul da yara. Ya Kano, ya aiki? Iya tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko mata da shayin nan mai ɗaci, hawan jininta bai kai nan ba.

Tun ranar da kika fara koya min rubuta manhaja kika hana ni kiran ki a waya a kan aiki, kika ce abin da ba a rubuta ba ba a faɗa ba. To ga shi a rubuce. Na samu aiki, kuma babba. Dakta Jaji, mai asibitin nan na Tudun Wada inda Iya take zuwa awon hawan jini, yana so a kwashe katunan marasa lafiyarsa gaba ɗaya a zuba a kwamfuta. Kati dubu goma sha ɗaya da arba'in ne. Mako uku ya ba ni, domin ɗakin katin yake so ya mayar ɗakin haihuwa, har kafinta ya zo ya auna.

Kayan aiki biyu ne a gabana. Na farko wanda kika koya min, da nake ce masa garma: in zauna in rubuta kod ɗina, wato umarnin da kwamfuta take bi, layi bayan layi, rumbun bayanan yana cikin kwamfutar asibitin, duk canjin da aka yi yana da tarihi. Na lissafa, da shi ko wata biyu ba zan gama ba. Na biyun sabo ne, abokai a nan suna ce masa tarakta. Da baki kake gaya masa abin da kake so, shi ya rubuta kod ɗin, shi ya ajiye bayanan a intanet. Kati ma ba sai ka buga ba, ka nuna masa a kyamara ya karanta. Na gwada shi da kati hamsin, wallahi kafin shayina ya huce ya gama. Har jan rubutun da Sista Jacinta, babbar nas ɗinsu, take yi a saman kati ya gane, wanda take yi wa masu jikin da ba ya karɓar wani magani.

Ina neman shawararki, ko da yake na san abin da za ki ce. Ki dai tuna zamani ya wuce garma.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Mudathir

*

Kano
Talata, 7 ga Oktoba

Mudathir,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Alhamdulillahi. Ka ce wa Iya ta sha shayinta, ba ta fi likita sani ba.

Ba shawara kake nema ba, hannu kake so in sa maka a kan abin da ka riga ka yanke. Na san ka tun kana rarrafe. Amma tunda ka tambaya, za ka ji.

Ni ba ni da gaba da sabon abu, a ofishinmu ma muna aiki da irinsa. Bambancin shi ne mu muna karanta abin da ya rubuta kafin mu sake shi. Kai fa, za ka karanta? Kuma in ya yi ɓarna, akwai hanyar komawa jiya? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce, kuma ban ga ka ambace ta ba ko sau ɗaya a wasiƙarka. Gudu kawai na gani.

Katin asibiti ba jerin kayan shago ba ne, Mudathir. In ka ɓatar da katan ɗin sabulu sai a sayo wani. Jan rubutun nan da ka ambata kamar wani abin burgewa, ran mutum ne a rataye a jikinsa. Tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta san sunan maganin da ya kusa kashe ta ba, ta dai san an rubuta a kati, sai ta saki jiki ta haɗiye duk abin da aka miƙo mata.

Ka koma wurin Dakta ka ce wata biyu. In ya ƙi, ka bar masa aikinsa. In kuma ka nace sai taraktarka, abu biyu nake roƙo: ka kunna ajiyar tarihi mai riƙe kwafin bayanan kafin kowane canji, sannan kada a taɓa katunan takarda sai bayan shekara guda. Ka zuba su a buhu ka kai ɗakin Iya in ya zama dole.

Sauri shi ke haifar da nawa. 

Yayarka,
Bilkis

*

Bolari
Laraba, 29 ga Oktoba

Adda Bilkis,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, aiki ne ya sha kaina.

Albishirinki. Kwana tara, Adda. Kwana tara na gama abin da kika ce wata biyu. Dakta Jaji ya tara ma'aikata ya sa aka tafa min, ya kuma ce zai haɗa ni da abokinsa mai asibiti a hanyar Dukku. Yanzu mara lafiya yana faɗin sunansa, kafin ya zauna katinsa ya buɗe.

Har wani alheri taraktar ta yi min da ban roƙa ba. Da ta gama karantawa sai ta ce ta ga mutanen da aka buɗe wa kati sau biyu, ko ina so ta tsabtace? Kin san halin mutanenmu, in sun ɓatar da ƙaramin kati sai su buɗe sabo. Na ce ta tsabtace. Daga dubu goma sha ɗaya da arba'in muka dawo dubu goma da ɗari shida da ashirin da takwas, rumbu ya yi fes.

Maganar katunan takarda kuwa, na faɗa wa Dakta, ya ce ba zai bari sirrin marasa lafiyarsa ya kwana a gidan wani ba, kuma gaskiyarsa. Ranar Asabar aka ƙone su a bayan asibiti. Sista Jacinta ta tsaya tana kallon wutar, ta ce shekararta goma sha huɗu ke nan take ci. Na yi mata dariya.

Bari in ba ki abin dariya na gaske. Jiya Iya ta je awo, sabuwar nas ɗin da aka ɗauka ta duba kwamfuta ta ce mata, "Mama, ya ƙafar da aka ɗinke?" Iya ta ce wace ƙafa, ita ko ƙaya ba ta taɓa taka ta kai ta asibiti ba. Ta dawo gida tana ta mita, wai kwamfutata ta yi mata ƙazafi. Ina jin kyamara ce ta karanta wani layi ba daidai ba, zan gyara in na samu sarari.

A gaida Baban Batul.

Naki,
Mudathir

*

Kano
Laraba, 29 ga Oktoba

Mudathir,

Ban yi dariya ba.

Buɗe katin Iya ka duba ranar haihuwar da aka sa mata. Sannan ka ƙirga mutum nawa ne a rumbunka suke da wannan ranar. Sannan ka buɗe kod ɗin tsabtacewar nan ka karanta shi da idonka, ka gaya min da me ya gane cewa kati biyu na mutum ɗaya ne.

Kada ka yi wani abu kafin wannan.

Bilkis

*

Bolari
Alhamis, 30 ga Oktoba

Adda,

Ina gaisuwa. 

Ɗaya ga Janairu, 1960. Haka aka sa wa Iya. Ban taɓa kawo shi a raina ba, alhali na san Iya ba ta san ranar haihuwarta ba, ta dai ce shekarar da aka samu 'yanci ne. Duk wanda ya zo bai san ranarsa ba, mai buɗe kati ɗaya ga Janairu yake rubuta masa, ya kintaci shekara. Na ƙirga, mutum dubu uku da ɗari biyu da wani abu ne aka haifa ranar a rumbuna.

Na karanta kod ɗin. Layi takwas ne kacal. In suna ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya ce, to mutum ɗaya ne. Sai ya riƙe katin wanda ya zo asibiti kwanan nan, ya zuba masa tarihin jinyar ɗayan a ƙasa, ya zubar da duk abin da ke saman katin ɗayan: adireshi, lambar waya, da jan rubutu. A ƙasar da aka ƙera shi wataƙila hakan daidai ne. A nan Gombe, Inuwa Babayo nawa ne aka haifa ɗaya ga Janairu, 1970? Bakwai, Adda. Yanzu sun zama mutum ɗaya.

Kati ɗari huɗu da goma sha biyu ya haɗiye. Akwai wata Suwaibatu Babayo, sunansu ɗaya da Iya, mai ɗinki a ƙafa, tana cikin katin Iya yanzu. Ko tsohuwar lambarta ta kawo, katin Iya ne zai buɗe.

Ajiyar tarihi ban kunna ba. Na kunna ranar farko, na ga tana rage gudu, na kashe da niyyar in mayar in na gama. Ban mayar ba.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Ranar da aka gama karanta katunan na rubuta a littafina cewa masu jan rubutu ɗari da talatin da bakwai ne, domin in yi wa Dakta alfahari. Yau na ƙirga, ɗari da ashirin da ɗaya. Goma sha shida babu, kuma ban san na su waye ba.

Na rubuta wa kamfanin da ya yi taraktar. Amsa ta zo cikin minti ɗaya, inji ne ya rubuto, yana gode min, wai mutum zai duba cikin kwana uku na aiki. Ina sa ran suna da kwafi a wurinsu. Don Allah, Adda, ki bar ni zuwa Litinin. In kwafin ya samu zan gyara ba wanda ya sani. In na je wa Dakta yanzu, sunana ya mutu a garin nan, ko shagon buga takarda ba zai ƙara ba ni aiki ba. Kwana huɗu ne kawai, kuma ƙarshen mako ba a cika zuwa asibiti ba.

Kada ki gaya wa Iya.

Mudathir

*

Kano
Juma'a, 31 ga Oktoba

Mudathir,

Na karanta sau biyu. Ba zan ce maka na gaya maka ba, ba lokacinsa ba ne. Amma sakin layinka na ƙarshe ya ba ni kunya, kuma ya ba ni tsoro fiye da kuskuren kansa. Kuskure kowa yana yi, ni ma na taɓa goge aikin wata shida. Abin da kake shirin yi yanzu ba kuskure ba ne, da saninka ne.

Ciwo bai san Asabar da Lahadi ba. Mutum goma sha shida suna yawo a Gombe sun dogara da rubutun da babu shi, kai kuma kana auna sunanka.

Kana idar da sallar Juma'a ka wuce Tudun Wada. Ka gaya wa Dakta komai, a tsaye, ba kwana-kwana. A liƙa takarda a kowane tebur: duk wanda za a ba magani a tambaye shi da baki ko wani magani ya taɓa kumbura shi ko ya toshe masa numfashi. Sannan ka zauna da Sista Jacinta, ku bi katunan nan ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya. Hannunta ne ya yi jan rubutun. Kanta shi ne kwafin da ya rage maka, ba wani kamfani ba.

Batul tana kwance da zazzaɓi, shi ya sa ba ka gan ni yau ba. Ranar Litinin zan shigo motar farko. In na iso na tarar ba ka faɗa ba, ni zan faɗa, a gabanka.

Ina son ka, auta, shi ya sa nake maka magana haka. Ka tashi ka je.

Yayarka,
Bilkis

*

Tudun Wada
Litinin, 3 ga Nuwamba

Adda,

Na san kina hanya. Ban je ranar Juma'a ba. Na jira kamfanin, ba su amsa ba.

Yau da safe na zo in faɗa. Kafin in shiga wurin Dakta na buɗe katin Iya don in nuna masa misali. An rubuta ta zo jiya Lahadi da la'asar da ciwon maƙogwaro, an ba ta kafson penisilin na kwana biyar, ta tafi da shi gida. Iya jiya ko ƙofar gida ba ta leƙa ba, tare muka yini.

Sista Jacinta ba ta aiki ranar Lahadi, sabuwar nas ce ta ba da maganin. Na nuna wa Sista katin. Ta karanta shi, sannan ta ce, "Suwaibatun da aka ɗinke wa ƙafa? Ni na yi mata jan rubutu da hannuna. Sau ɗaya ta sha penisilin, da kyar muka dawo da ita."

Ba ta tuna unguwarsu ba, ta dai ce a keken haya mai ƙafa uku ake kawo ta. Na faɗa wa Dakta komai, ya tura mutane tashar Bolari su tambayi masu keke, ni ma yanzu zan fita.

Adireshin da ke katin na gidanmu ne. Lambar wayar kuma tawa ce. Ki yi mata addu'a, Adda, ban san ko ta riga ta sha ba.

Mudathir