Rawar Ɗarin Motar Baba

Asabar, 30 ga Satumba, 1978

Na yi abin da Kaka ta sa ni. Ƙaramin ƙahon rago ne da aka ɗinke da fata, nauyinsa ya fi girmansa. Ta ce na tsarin sabuwar motar Baba ne, in ɗaure inda ido ba zai kai ba. Tun da Baba ya dawo daga Makka ya hana laya a gidan nan, shi ya sa ta rantsar da ni kada in faɗa wa kowa.

Bayan azahar kowa ya kwanta, na shige ƙarƙashin jif ɗin. Akwai wani faffaɗan ƙarfe, a bayansa wata doguwar sanda. Da ƙyar hannuna ya shiga. Na naɗe ƙahon a jikin sandar da robar tayar keke, na bi da waya, na murɗa har ta yanke ni a tsintsiyar hannu.

A littafin soyayyar da ƙawata Martine ta ara mini a lise, makarantarmu ta sakandare, yarinyar ma ta yi wa mahaifinta wani abu a ɓoye. Ita dai ba ta fito da baƙin mai a goshi ba.

Talata, 3 ga Oktoba

Kawu Fulbert, direbanmu, ya dawo daga Tcholliré, mota ta sha taɓo har gilashi. Ya ce wa Baba tana rawa. A cikin gari lafiya lau, amma da an hau kwalta allurar awon gudu ta wuce sittin sai ta kama ɓari. Baba ya ce motar Amurka mai canza giya da kanta ba ta rawa, sai dai in mai tuƙin ne ke rawa.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Yau na ji da jikina. Mun haye gadar Binuwai za mu gai da Gwaggo, sai kujera ta fara kaɗawa, madubi ya dishe, 'yan kunnena suna ƙara. Kawu Fulbert ya ce, “Madmazel, riƙe haƙoranki, babu sifiya.” Na yi dariya a cikin gyale. Baba bai yi ba.

Litinin, 9 ga Oktoba

An kira makanike, sunansa Célestin. Dogo ne, yana da tabo a gira kamar likitan cikin littafina. Na kai masa ruwa sau biyu, na biyun bai ma tambaya ba.

Tayoyi ya fara dubawa. Ya wanke taɓon cikinsu, ya mai da na gaba baya. Suka fita gwaji, ba ta daina ba. Ina shanya na ji yana cewa ya sake ta babu giya tana cikin gudu, inji ya yi shiru, rawar na nan. Wai ke nan ba inji ba ne, rawar gudun ƙafa take bi.

Ya ce mini “mersi”. Shi ke nan abin da ya ce.

Laraba, 11 ga Oktoba

Abokan Baba na kasuwa sun cika masa kunne. Wai akwatin giyar ne, bwat in ji su, kuma irinsa babu mai iya buɗewa daga nan har Maroua. Wai mutumin da ya saba taka kuloci ne ya kashe shi, ƙila ma lodin buhunan gero yake yi da ita a hanya. Baba ya karɓe makulli, ya ce wa Kawu Fulbert ya zauna a gida har a gano. In bwat ne, kada ya dawo.

Mutumin da ke kai ni makaranta tun ina ajin farko. Matarsa Henriette ga tsohon ciki.

Asabar, 14 ga Oktoba

Célestin ya ce ba bwat ba ne. Ya zaro sandar awon mai ya nuna wa Baba, man ja ne garau, babu ƙaurin ƙuna, kuma giya na shiga babu fizga. Ya ce saura kardan. Baba ya ce mene ne kuma kardan? Ya ce sanduna biyu ne a ƙasa, ɗaya na kai ƙarfi ƙafafun gaba, ɗaya na baya. Juyawa suke yi, sun fi fanka gudu. Ko ɗan abu ya maƙale a gefe guda, duk motar sai ta girgiza.

Juyawa.

Wallahi na ɗauka sanda ce kawai.

Na saki tiren shayi. Inna ta ce littattafan Nasaran nan sun gama da ni.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na faɗa wa Kaka. Ta ce, “Rabi'atu, abin tsari ne zai kaɗa mota? Ai da babu shi da tuni ta kife da su.” Ta tuna mini rantsuwata.

Na so in shiga in kwance ƙahon, amma motar na kan jak a ƙofar gida, inda Baba ke zama da baƙi wuni guda. Ƙarya nake. Da hantsi babu kowa. Na je har bakinta, na ji tarin wani a titi, na dawo da gudu.

Litinin, 16 ga Oktoba

Célestin ya cire kardan na gaba, ya tuƙa ta da ƙafafun baya kaɗai. Tana rawa. Gobe na baya.

Na ga Henriette a bakin famfo. Ta ce, “'Yar gidanmu, kin rame, karatu ne?” Har ta ba ni gyaɗa. Na karɓa. Na ci ma.

Talata, 17 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na dawo daga lise na tarar da mutane a ƙofar gida. Célestin ya kwance faffaɗan ƙarfen, ya sauke sandar a kan tabarma, ya fasa busasshen taɓon da ya lulluɓe ta. Ga ƙahon nan, da robata, da wayata. Ya ce, “Alhaji, ga ciwon motarka.”

Da ma a nan ya tsaya. Wani cikin abokan Baba ya ce asiri ne, mutanen dutse irin su Fulbert ai an san su. Aka aika aka kira Kawu Fulbert. Ya zo da hularsa a hannu. Baba ya ce, “Da me na rage ka, Fulbert, har za ka ɗaure mini mota?” Ya ce, “Alhaji, na rantse da Allahn da ya yi ni da kai, ban taɓa ganin abin nan ba.” Wani ya ce a kira jandarma.

Ina zaure, bayan ƙyaure. Ni da ko gaisuwa ba na iya yi wa baƙin Baba sai a ciki-ciki. Na ji bakina ya ce, “Ni ce.” Babu wanda ya ji. Sai da na fito tsakiyarsu, da jakar makaranta a kafaɗa, na sake faɗa.

Baba ya ce in koma ciki, tausayin direba ne ke sa ni ƙarya. Na janye hannun riga na nuna masa sawun waya. Célestin ya dubi hannuna, ya dubi na Kawu Fulbert, ya ce, “Alhaji, ni sai da na kwance ƙarfe kafin na kai wurin. Hannun namiji ba ya shiga.” Ga shi ya kalli hannuna a ƙarshe, kamar yadda na yi ta mafarki. Yadda ake kallon sifana ya kalle shi.

Baba ya ce wa ya ba ni. Na tuna rantsuwata. Can daga cikin gida Kaka ta ɗaga murya: “Ilyasu! Uwarka ce ta ba ta. Kira mini jandarman!”

Mutane suka fara tuna suna da wurin zuwa.

Laraba, 18 ga Oktoba

An mai da sanda. Sun je har Pitoa sun dawo, ko shayi a kofi ba zai zube ba. Baba bai yi mini magana ba. Ya aika wa Henriette shinkafa da turmin atamfa, ya miƙa wa Kawu Fulbert makulli yana kallon wani wuri. Kalmar haƙuri dai ban ji ta ba.

Yau ƙafa na taka zuwa lise. Ba zan iya zama a bayan Kawu Fulbert ba.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Kaka ta sake miƙo mini ƙahon, wai aikinsa bai ƙare ba. Na ce ba zan ɗaura a ɓoye ba. Ta ce yaushe na yi baki.

Na sami Kawu Fulbert yana goge mota bayan ya dawo daga coci. Na durƙusa na ce ya yafe mini, kwana huɗu na sani na yi shiru. Ya daɗe yana matse tsumma. Ya ce, “Kwana huɗun nan Henriette ba ta ci abinci ba.” Bai ce ba komai ba. Gara da bai ce ba.

Ya ga ƙahon a hannuna. Ya buɗe ƙofa, ya ɗaga kujerarsa. Ashe akwai ɗan gicciye ɗaure da zare a ƙarƙashi, uwarsa ce ta ba shi. Ya ce, “Madmazel, in za a ɗaura, a abin da ba ya juyawa ake ɗaurawa. Amma motar Alhaji ce.”

Na shiga na tambayi Baba, a tsaye, ina kallonsa. Ya ce shi bai ga komai ba, bai ji komai ba, kuma in rufe masa ƙofa.

Na ɗaura kusa da gicciyen. Gobe a mota zan tafi lise. Littafin Martine na nan ƙarƙashin matashi, ban san ko likitan ya aure ta ba. Sai na duba, in na tuna.