Gonar Karimatu da Shekarar Nasara

Litinin, 6 ga Rajab 1345
Tambari ya sake tada maganar gonar yayata Karimatu ta Dundaye, ya kai ƙara gaban Bature Joji. Gonar da alƙali ya hukunta mata tun bayan rasuwar mijinta, ni na rubuta hukuncin da hannuna. Ita ka ciyar da marayu huɗu.

Alhamis, 9 ga Rajab
Joji ba ya sauraren "an taɓa hukuntawa". Sai an kawo sunan mai ƙara, sunan wanda anka yi ƙara, lamba, sannan shekara. Na rubuta da ajami: Tambari da Karimatu, ta 41, 1342. Jinaidu, tafintan Joji, zai juya mini shi boko. Zaure guda munka yi karatu da shi, ni na koya mishi rabon gado. Ya ce in kwantar da hankalina.

Litinin, 13 ga Rajab
Innalillahi. An buɗe ta 41, sai ga shari'ar jaki! Har 'yan doka sunka yi dariya. Joji ya ce babu hukunci, a bar wa Tambari gona. Karimatu ta dube ni.

Alhamis, 16 ga Rajab
Ashe shekararmu guda tana ratsa shekarun nasara biyu, kuma lambar kotu da Janairu take komawa ɗaya. Tamu ta 1924 ce. Jinaidu ya sa 1923, bai kuma rubuta sunaye ba.

Asabar, 18 ga Rajab
Na tare shi bakin kasuwa. Na ce kuskure ka yi? Ya ƙi duban idona. "Malam Sahabi, kai shekara ka ba ni, ba ka ba ni wata ba." Wanda ya ci tuwon walimar shari'ar ga gidanmu, shi ne bai san watan ba! An ce ƙanen Tambari ya yi mishi alkawarin muƙamin magatakardan hakimi. Raina ya ɓaci, wallahi, ban iya cin abinci.

Juma'a, 24 ga Rajab
Sahu guda munka yi salla da Jinaidu. Na matsa.

Litinin, 7 ga Fabrairu 1927
Na tafi wurin malamin makarantar boko, wanda na daɗe ina kira ɗan koren nasara, ya koya mini boko. Baƙaƙensu ba wuya, munin gani dai. Don Karimatu na kawai. Takardar ɗaukaka ƙara ni zan rubuta ta, ba mai taɓa mini ita.