Na Share ma Tauraro Wuri

Daren Talata, watan Maris, Tawa

Yau saura kaɗan a kore ni, ko sati ban cika ba wurin aikin ga.

Aikina shi ne in rataya ƴan kwalabe bisa itace kusa da kasuwar bisashe, su sha iska, in kai su ma shugabata Madam Hadiza a biro, wato ofis. Jiya ta ce akwai tauraron ɗan adam da ke wucewa bisa kanmu da hantsi, shina shaƙar warin hitsari da kashin bisashe. Amoniyak sunan warin. Da shi masana ke gyara lissahin iskar da mutane ke shaƙa, kwalabena kau su ne shaidar ko tauraron ya hwaɗi gaskiya.

Ni kunya ta kama ni. Baƙo za shi biyo, ya iske wuri haka? Tun asuba na ɗauki tsintsiya na share gindin itacen tas.

Madam ta zo ta tsaya tana kallo. "Ilu, ina kashin?"

"Na kwashe, Madam, kar a ji warinmu can sama."

Sai ta kece da dariya har da dahe mota. "Ƙanena, warin nan muke biɗa. Kar ka sake taɓa shi."

Da marece ta gwada min taswira cikin ordinatar, wato kwamfuta. Wani ɗan wuri ja-ja ta ce wajen Takanamat ne, garinmu. Na tambaya ko awakin Inna na ciki. Ta ce in dai suna hitsari, suna ciki.

Na kira Inna nan take, na gaya mata ana jin awakinta daga sama. Ta ce in rage yawo cikin rana.