Sunan Dogo a Addu'ar Lahadi

Litinin

Zuwa ga Baba Fasto,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya Mama da yara? Ni ce Maman Dogo, kurmar nan mai ɗinki da ke zama a bencin gaba, gefen taga. Na rubuto ne domin kai ba ka iya maganar hannu ba, ni kuma ba na so wannan magana ta bi ta hannun kowa.

Godiya na zo yi. Wata bakwai ke nan da aka kama ɗana, tun ranar da ya shiga gidan rediyo ya ce rufin da hukumar walwala ta yi wa gidan marayu ruɓaɓɓen katako ne. Har yau ba a kai shi kotu ba. Maƙwabta ma sun daina tambayata shi. Amma kowace Lahadi, idan ka zo wurin addu'ar marasa lafiya da waɗanda ke tsare, ina ganin ƙanwarka da ke yi mana tafinta ta ɗora yatsu biyu a girarta ta hagu. Sunansa ke nan a wurinmu kurame, saboda tabon da ya samu yana ƙarami. Idan na ga yatsun nan nakan iya cin abinci har Laraba.

Na san hukumar nan ce ke riƙe da makarantar kurame ta cocinmu yanzu. Da wani ne, da tuni ya kama bakinsa. Kai ba ka yi haka ba. Allah ya saka maka.

Taka cikin Ubangiji,
Maman Dogo

Talata

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Kada ki yi mamakin ganin takarda daga yayanki da kike gani kullum. Tun da aka zaunar da jami'in hukuma a ofishin coci, ko tari na yi sai ya ɗago kai, gida kuma ba na so matata ta ji.

Ga wasiƙar Maman Dogo na haɗo miki. Ki karanta, sannan ki gaya mini me kike yi a gefena kowace Lahadi. Rabona da ambaton sunan yaron nan wata biyar, kin kuma sani sarai.

Ba don ba na ƙaunarsa ba. Ni na yi masa baftisma. Amma yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta ce ba za a yi maganar da ta taɓa hukuma a ginin da take tallafa wa ba, kuma zauren da muke sujada shi ne ajin yara daga Litinin zuwa Juma'a. An kira ni an nuna mini layin da yatsa. Dattawan ikilisiya sun zauna, suka ce a yi masa addu'a a zuci.

Yanzu ki saurara da kyau. Lahadin nan mai dubawa za ta zo daga hukuma kafin a sabunta yarjejeniya, kuma malamar kurame ce, ta iya maganar hannu kamar ke. Za ta zauna cikin sujada. Yara arba'in da uku, Auta, da malamansu huɗu. Idan ta ga yatsunki a gira ta tambayi ma'anarsu, ke za ki kai su gidanki?

Abin da na faɗa shi za ki fassara, ba ƙari. Wannan ba shawara ba ce.

Yayanki

Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan hawan jinin ya sauka, don na ga alamar ya hau a rubutunka.

E, ni na yi. Lahadin farko da ka tsallake shi, ka kira mai karaya, ka kira matar direba da ta haihu, sai ka zarce amin. Maman Dogo kuwa idonta na kan hannuna, ko ƙiftawa ba ta yi. Kai idonka a rufe yake, ni nawa a buɗe, don haka aikina yake. Ban ma yi shawara da kaina ba, na ga dai hannuna ya hau gira. Na ce na yau kawai. Na yau ɗin ne ya kai wata biyar.

Kada ka tuna mini yaran nan kamar ban san su ba. Ni ke sa musu batir a na'urar kunne kowace safiya, ni ke wanke wanda ya yi fitsari. Ina jin tsoro fiye da kai.

Amma ka duba inda muka kai. Allon hukuma a bakin ƙofa ya fi gicciye girma, muka ce ba komai. Wa'azinka da ka shirya kan gonar Nabot, wadda sarki ya ƙwace, ka mayar da shi aljihu, muka ce hikima ce. Yau addu'a ce aka shiga aka cire mutum. Lokacin da babanmu ya fara makarantar nan a barandar gidanmu da allo ɗaya, ruwa na dukanmu, ba wanda ya isa ya gaya masa wa zai yi wa addu'a. Maman Dogo ma a barandar nan ta koyi rubutun da ta rubuto maka.

Na yi laifi, na sa magana a bakinka a ɗakin Allah, kuma ina jin kunya. Na daina. Lahadi abin da ya fito daga bakinka shi zai fito a hannuna. Amma godiyar kai aka yi wa, kai za ka amsa ta. Ni ba zan iya duban matar nan in ce mata ƙarya nake yi ba.

Ka gai da Anti da yara.

Auta

Juma'a

Auta,

Gaisuwa. Sau huɗu na fara amsa wa Maman Dogo, sau huɗu na yaga. Duk yadda na juya maganar, ƙarshenta dai cewa nake mun sauke ɗanta don mu ɗauki ’ya’yan wasu.

Jiya na sake tara dattawa. Uku suka ce a yi haƙuri har a sa hannu, daga baya a gani. Tsohon kafinta ya ce wannan “daga baya” ɗin yake ta ji tun bara, ya ɗauki hularsa ya fita. Yau da safe kuma na leƙa aji, yarinyar nan mai giɓi ta ja rigata tana nuna mini kunnenta, wai ta ji ƙararrawa. Na koma ofis, jami'in ya ce, “Fasto, komai dai a shirye yake ko?” Na ce masa e.

Ban san abin da zan yi ba, kuma ba na so ki tambaye ni. Ki zo da wuri.

Yayanki

Litinin

Baba Fasto,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ce kuma, kuma gafara na zo nema.

Shekara arba'in ina karanta leɓen mutane, shi ya sa nake zama a gaba. Tun Lahadin farko na ga bakinka ya tsallake ɗana. Na bar ƙanwarka tana yi don na ga tausayina take ji. Godiyar da na aiko maka, da gangan na aiko ta. Ban san wata hanyar ba.

Jiya ban kalli hannun kowa ba, bakinka na kalla. Na ga ka dakata bayan ka kira mai karaya, ka daɗe, gumi na bin wuyanka. Sai na ga leɓenka ya kira sunansa. Ka kuma ɗora yatsu biyu a gira, amma ta dama ka taɓa. Ta hagu ce. Ba komai.

Na kuma ga baƙuwar da hukuma ta aiko ta buɗe littafinta tana rubutu. An ce yau jami'in bai zo ofis ba. Na tura keken ɗinki jikin bango, idan an rufe makarantar ɗakina zai ɗauki yara takwas a tabarma, allo kawai za a kawo.

Asabar za a bar ni in gan shi. Duk zuwa sai ya tambaye ni ko har yanzu ana kiran sunansa a coci. Wata biyar ina ce masa e, ina kallon ƙasa. Wannan karon zan dubi idonsa.

Ka huta lafiya.

Maman Dogo