Ƙarin Bakin Mama

Litinin, 4 ga Maris
Kwana uku Mama ba ta ci masara ba, sai kunu. Na ce ta buɗe baki in gani. Ta ce, "Ke Kavata, ni akuyar kasuwa ce?" Ta dai buɗe. Wani ƙari ne cikin leɓenta, kamar ƙwayar wake. Wai ya fi shekara. Ciwon daji ne ya ɗauke yayarta Ndunge, kuma a baki ya fara.

Laraba, 6 ga Maris
Ta ce ba inda za ta sai ta gama kiondo ɗin aurena. Wai uwa ba ta sallamar 'ya babu jakar da ta saƙa mata. Na ce aure da sauran wata biyar. Ta ce, "Ni fa, wata nawa ya rage min?" Na shige bayan ɗaki na yi kukana. Matar nan akwai taurin kai, kuma ina son ta har raina.

Talata, 12 ga Maris
Da ƙyar na kai ta asibitin Kitui. Sun yanke ƙarin, za su auna. Tana hanya tana mita an raba ta da aikinta.

Alhamis, 14 ga Maris
Ba labari. Na yi wa ɗalibaina faɗa a banza.

Juma'a, 22 ga Maris
Ba daji ba ne. Likita ya ce sunansa faiburoma, nama ne ya taru ya yi tauri inda abu ke yawan goga, ba ya yaɗuwa. Ya tambayi sana'arta. Ashe zaren sisal na saƙar jaka ne sanadi, shekara arba'in tana riƙe shi da haƙori tana ja, hannu biyu na saƙa. Ya ce in ta ci gaba zai dawo. Ta ce, "Yaro, to da kunne zan riƙe?" Na yi dariya har da hawaye.

Lahadi, 24 ga Maris
Bayan coci na zauna gabanta, zaren a bakina. Ɗaci gare shi. Ta ce ina ja kamar mai jin tsoron zare. Ni ba saƙa nake koyo ba, haƙora kawai na ara mata. Da ta tashi duba tukunya na ɗan yi layi biyu, a karkace. Ta dawo ta daɗe tana kallonsu. Ba ta warware ba, a kansu ta ɗora.