A Takarda, Gidana Gonar Kabeji Ce

Gwaggo Nedyalka mai shafin ba da shawara, ki taimake ni kafin dusar ƙanƙara ta sauko.

Shekarata saba'in da huɗu, a ɗakin da aka haife ni nake kwana. Amma da na je neman tallafin itacen hunturu, yarinyar ofis ta leƙa na'urarta, ta ce ai babu gida a wurin, gonar kabeji ce. Ashe kabeji ne ni ban sani ba! Wai filin har yau da sunan kakanmu Tsvyatko yake, shi da ya rasu tun ina saurayi, kuma wai da ya yi ginin bai nemi izini ba. To a zamaninsu wa yake neman izini? Da baki aka raba mana fili, a kan teburin cin abinci, kowa ya ce ya yarda. Yanzu sai an kawo mai awon fili, sai magada sun sa hannu. Magadan kuwa saura mu biyu, ni da ƙanena Raycho, wanda ko gaisuwa ba ma yi shekara goma sha tara, tun da ya sare kurangar inabin mahaifiyarmu, wai tana tare masa rana. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Bara na ƙona kujeru biyu da ƙofar rumbu. Bana matata Tsonka tari take yi, ni kuma na fara yi wa teburin nan kallon itace.

Kabeji Mai Jin Sanyi

Malam Kabeji,

Hukuma ta yi abin a yaba mata, ta gano cewa wanda ba ya cikin takarda ba ya jin sanyi. Sai dai ita ma da hujjarta: ba za ta iya tono kakanka ta tambaye shi abin da aka faɗa a kan tebur ba.

Gobe ka koma ofishin da shaidar rasuwar kakanka da takardun wutar lantarkin gidan, ka tambaya ko akwai tallafin wucin gadi, su ba ka amsa a rubuce. Tsonka kuma a kai ta asibiti makon nan.

Inabin ya ci a yi fushi. Fushin shekara ɗaya, ko biyu. Amma fushi ba ya kamawa a murhu.

Af, makon jiya wani dattijo ya rubuto min, shi ma a gonar kabeji yake zaune, ya ƙone kujerunsa, wai yayansa taurin kai gare shi. Ba na faɗin suna. Ka dai ɗauki alƙalami ka zagaya katangar.

Allah ya ba Tsonka lafiya, ya bar muku teburin.

Gwaggo Nedyalka