Taku Nawa Ne Zuwa Tsakiyar Fili

Kwalejin Harlow Ridge, Iowa
2 ga Disamba

Yaya Rhoda,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da Baba, da shanun. Yaya ƙafar tasa? Kin ce in daina turo miki saƙon waya mai kalma biyu, to ga takarda.

Koci Kessenich ya tafi. Ranar Litinin ya tara mu a ɗakin sauya kaya, ya ce wata babbar jami'a a Carolina ta ɗauke shi. Wasu sun yi kuka. Ni ina zaune ina ɓare tef daga yatsuna, ban ji komai ba.

Kin dai san shekara uku ina benci a bayan golanmu Mateo, sai minti goma-goman da ake sa ni in an riga an ci wasa. Bana ya gama. Shekara mai zuwa ita ce tawa a raga, kuma ita ce ta ƙarshe da doka ta bar min.

A wurin ajiye motoci Koci ya riƙe hannuna, ya ce, "Ka biyo ni, Pruchnik. Can ma ina buƙatar gola. Amma ka san doka, ba ni da ikon neman ka daga can sai sunanka ya shiga jerin masu neman sauya makaranta. Ka sa, zan kira ka."

Jiya na sa. Maɓalli ɗaya na danna, shi ke nan.

Ki gaishe da Baba. Ki karanta masa wurin da ya dace.

Ƙaninki,
Anselm

Gona, Wisconsin
9 ga Disamba

Anselm,

Muna lafiya, shanu ma lafiya, ban da saniyar nan mai jan kunne da ta sake fasa shinge. Baba yana gaishe ka.

Yanzu zo nan. A wurin ajiye motoci? Haba Anselm! Mutumin da ya cika mana akwatin wasiƙa da katunansa masu rubutun hannu lokacin da yake farautar ka, har Mama, Allah ya jiƙan ta, ta manna su a jikin firij, shi ne yau biro ya gagare shi? Ka ce ya rubuta. Ko maraƙi ba na sayarwa da riƙe hannu kawai. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba, kuma ina jin tsoro.

Ban karanta wa Baba ko layi ɗaya ba, ga dalili. Ka tuna wasan gida na ƙarshe da muka zo kallo a Oktoba, da 'yan shekarar ƙarshe suka taka fili da iyayensu har tsakiya, aka kira sunayensu, aka ba su riguna cikin firam? Tun a mota ya ce min shi ba za a tura shi a keken guragu ranar da za a yi naka ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ban ga ya so wani abu ba sai wannan. Kullum bayan tatsar safe yana jan ƙafa daga kicin zuwa ƙofar baya, yana riƙe da bango. Jiya taku tara ya yi, ya zage ni da na kama masa gwiwar hannu.

Ya ce in tambaye ka: daga layin gefe zuwa tsakiyar fili taku nawa ne? Ka auna ka gaya min.

Ka riƙa cin abinci, dogon banza.

Yayarka,
Rhoda

Harlow Ridge
21 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da na kasa zuwa Kirsimeti, da kuma shirun.

Sabon koci ya zo, Farrelly sunansa. Ya taho da 'yan wasa bakwai daga inda ya baro, biyu gololi ne. Da na je ɗakin sauya kaya na tarar an cire sunana daga kabad, safar hannuna da takalmana suna cikin kwali a gindin ƙofa.

Na same shi a ofis. Bai yi faɗa ba, har kujera ya nuna min. Ya ce, "Ɗana, ni ban kore ka ba. Na buɗe jerin na ga sunanka. A wurina wanda ya shiga jeri ya riga ya yi sallama. Ka ƙarasa karatunka a nan, ba mai hana ka. Amma raga na ba wani."

Na ce to. Na ɗauki kwalin.

Koci Kessenich bai kira ba tukuna. Na bar masa saƙo huɗu, na kuma rubuta masa kamar yadda kika ce. Ina zuwa aji, ina dawowa, ina kwanciya. Ba wani ciwo nake ji ba, kar ki damu. Kamar dai in an yi maka allurar cire haƙori.

Ban auna filin ba, ƙanƙara ta rufe layukan.

Anselm

Carolina ta Arewa
14 ga Fabrairu

Zuwa ga Anselm Pruchnik,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinku. Na samu wasiƙarka, ina neman afuwar jinkiri, ayyuka sun yi yawa.

Da na iso na tarar wanda na gada ya riga ya ɗauki wani gola daga ƙasar waje, an sa hannu, makaranta kuma ba za ta janye ba. Akwai wasu biyu a ƙasa da shi. Ba ni da gurbin na huɗu.

Ina so ka fahimci cewa abin da muka tattauna a Disamba fata ne na nuna, ba tayi ba, domin doka ba ta ba ni ikon yin tayi a lokacin ba. Shawarar shiga jerin taka ce.

Ba na mantawa da kai. A shekara ashirin da biyu ban horar da mai haƙurinka ba. Duk kocin da ya kira ni, zan faɗi alherinka.

Ka miƙa gaisuwata ga mahaifinka.

Naka,
Dwight Kessenich

Gona
3 ga Mayu

Anselm,

Muna gaishe ka, in ma kana karanta wasiƙun mutane.

Wata biyu ke nan da ka turo min katin mutumin nan a ambulan, ba ko kalma ɗaya taka. Irin katin nan ne dai, mai ƙwallo a kusurwa. Na karanta a tsaye a rumfar tatsa, na je na ɓamɓare tsofaffin daga firij na cusa a murhu. Baba ya tambaya, na ce sun yi datti.

"Fata ne na nuna." Ka ji tsohon banza! Shi ya koma da sabuwar hula, kai an bar ka da kwali.

Da na kira abokin ɗakinka ya ce makarantu biyu sun neme ka, amma golan atisaye suke so, wanda ba zai buga ba, ka ce a'a. Ban ga laifinka ba. Ya ce kuma sai ka wuni kana kallon bango. Wannan ne ya hana ni sukuni. Ka yi ihu mana, ka fasa wani abu, ka zage ni ma in kana so. Ka koma wurin Farrelly ka roƙe shi, roƙo ba ya kisa.

Baba bai san komai ba, na kasa gaya masa. Ƙanƙara ta narke, yanzu a tsakar gida yake yi, da sanda, sanye da hular makarantarku. Taku talatin da uku ranar Lahadi, sannan ya zauna a kan bokiti yana haki yana dariya. Har ya sa na kai kwat ɗinsa wanki. Kullum in na shigo da wasiƙu sai ya ce, "Yaron ya auna?"

Me zan ce masa? Ni na gaji, Anselm.

Rhoda

Harlow Ridge
12 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ku.

Na koma wurin Farrelly sau biyu. Ya ce a'a, cikin mutunci. Yau suka fara atisaye.

Da safe kafin su fito na shiga filin, an shafa sabon fenti. Na tsaya a layin gefe, inda iyaye suke tsayawa, na taka a hankali, gajere-gajere, irin takunsa.

Hamsin da takwas ne.

Ki gaya masa hamsin da takwas. Kar ki bari ya daina. Sauran ni zan gaya masa da bakina, amma ba yau ba.

Ƙaninki,
Anselm